Ƙwallon da Halliru Ba Ya Taɓawa

A tashar mota ta Birmingham, Hajiya Rabi'a tana jiran motar Manchester, ta ƙura wa wayarta ido. Wani dattijo mai suna Kambai ya ji tana salati, ya gaishe ta da Hausa.

"Malam, don Allah ka san ƙwallo?" ta tambaye shi. "Ɗana Halliru yana uni, wato jami'a, a Amurka. Wai an zaɓe shi wasan gwanayen ɗalibai, manyan kulob za su zo su duba su."

"Kai, barka Hajiya! Gaba yake bugawa ko baya?"

"Ya ce shi ko taɓa ƙwallon ba ya yi."

"To alƙalin wasa ne?"

Ta miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, wannan ai kokawa ce da hular kwano. Ƙwallon ma kamar gwanda. Wanne ne naki?"

"Wancan da aka danne. Ko kuwa wanda ya yi dannewar. Ni fa karatun injiniya na tura shi. Na je laburaren unguwarmu a bincika mini wannan ƙwallon na Amurka, na tarar council, hukumar gari, ta rufe shi."

"To, in ya burge su fa?"

"Su ɗauke shi, ya zauna can."

"In bai burge su ba?"

"Ya dawo mini gida, unguwarmu Small Heath."

Kambai ya mayar mata da wayar. "To wace addu'a za mu yi masa?"

Ta juya wayar a hannu.

"Kwana uku ke nan ina cewa Allah ya zaɓa mafi alheri, Malam. Amin ɗin ne ya ƙi fita."