Farar Rigar da Na Sauke daga Bango

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar makaranta, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana iyaye maza da mata, da ku 'ya'yanmu da kuka cika kujerun baya kuna ƙus-ƙus, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Ni ba malami ba ne, tela ne, almakashi na sani da allura. Amma da aka ce a yi magana kan fargabar jarrabawa, sai na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin ni na tafka kuskuren da hannuna, kuma da izinin 'yata zan faɗe shi.

Tun tana 'yar shekara biyar muke kiranta Likita. Kakarta in kai ya sara mata, sai ka ji, "Ku kira min Likita." Maƙwabta Likita, masu kawo ɗinki Likita. Ni kuwa, da yake abin hannuna ne, na ɗinka farar riga irin ta asibiti, na rataye ta a shago saman keken ɗinki, duk wanda ya shigo in nuna masa. A ganina ƙarfafa mata gwiwa nake yi.

Bara ta zauna jarrabawar kammala sakandare. Ranar lissafi, yarinyar da ke koya wa ƙawayenta darasi ta yi awa biyu tana kallon tambayoyi, ta miƙa takarda kusan fara fat. Ta iso shago, ta tsaya tana kallon rigar nan, ta ce, "Baba, in na faɗi, da wane suna za ku riƙa kirana?"

Jama'a, na ji kunya, na ji tsoro. Lissafin kuwa ta faɗi. Yau saura kwana goma sha biyu ta sake zama jarrabawar, kuma na ɗaura aniya, in Allah ya yarda, ba za ta shiga ɗakin nan ɗauke da ni a kanta ba. Ga abin da shekarar nan ta koya min.

Na farko, mu sauke wa 'ya'yanmu burinmu. Yaro ya shiga jarrabawa da alƙalami da abin da ya karanta, kada ya shiga da mutuncin gidansu, kada ya shiga da bakin maƙwabta. Duk tela ya sani, zare in ka cika masa tsauri tsinkewa yake yi, komai kyansa.

Na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace Asabar nakan share teburin yanka, in ajiye mata agogo da tsofaffin tambayoyi, ta zauna kamar da gaske. Ranar farko ta yi kuka, ruwa na miƙa mata. Malaminta ya ce in gabanta ya faɗi ta ajiye alƙalami, ta ja numfashi sau uku, ta fara da tambayar da ta fi sani. Asabar da ta wuce ta gama da sauran minti goma, har da tsokanata, wai agogona ya tsufa kamar kekena.

Na uku, ku yi min uzuri iyaye, mu gyara tarbarmu. Yaro ya dawo jiki a mace, kafin ya cire takalmi mun tare shi da "Ya aka yi? Ɗan wane fa, me ya ce?" Haba jama'a! A ba shi abinci, a bar shi ya yi barci, tambaya ba guduwa za ta yi ba. In gemun ɗan'uwanku ya kama da wuta, ku shafa wa naku ruwa. Nawa ya riga ya ƙone, ga ni a gabanku.

Rigar nan na sauke ta, na ninke, tana cikin akwati. Na kuma ba 'yata amsar da na kasa ba ta bara. Na ce, "Ki ci ko ki faɗi, da sunan da na raɗa miki zan kira ki. In kina son rigar, tana nan. In ba kya so, yadi ne, ubanki tela ne, sai in warware in ɗinka miki wadda ta yi miki daidai."

Allah ya kwantar da hankalin 'ya'yanmu, ya tuna musu abin da suka karanta. Allah ya saka wa malamansu, ya ba mu iyaye haƙuri da taushin harshe, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.