Hannun da ya ɗaura taya mai huji biyar

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai rai! Ni ne Bitrus makanike na Nassarawo. Wanda bai san ni ba, motarsa ce ba ta taɓa lalacewa ba.

Ba fahariya ba ce, amma kafin ciwon nan babu injin da ya gagare ni a Jimeta. Sai sanƙarau ya kwantar da ni. Na tashi da rai, amma hannun damana ya kama rawa. Sifana ba ta zama a ciki. Kunu ma sai Rahila matata ta riƙe mini ƙwarya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar jibin Ubangiji. Na karɓi ƙoƙon, ya zube mini a riga a gaban jama'a. Daga ranar, in aka zo jibi sai in sulale waje. Na ji kunya, na yi fushi, na ce tawa ta ƙare.

Kun tuna a-kori-kurar ikilisiya, wadda ke kai marasa lafiya asibiti? Hanyar Mbamoi ta lanƙwasa mata rim, wato ƙarafan da ake saka tayoyi a kai, har suka tsage. Motar Faransa ce, mai noti uku. Lokacin yaƙi ne, masu sayar da kayan mota sun tafi, har Maiduguri aka aika ba a samu ba. Ta zauna a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Ni kuwa na san akwai tayoyin wata motar Ingila masu huji biyar a maƙerar maƙwabcina, Bappa Hammadu. Na gaya wa dattawa, “A yanko farantin ƙarfe mai kauri. Huji uku a ciki su kama motar, noti biyar a waje su kama sabon rim.”

Dauda direba ya tuntsire da dariya. “Haba Oga Bitrus! Hannu na rawa, ai tayar ma rawa za ta yi. Ni ban shirya zuwa sama ba tukuna.”

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta yi mini zafi. In alamar huji ta kauce ko da kaurin ƙwayar gero, tayar za ta yi ta lilo har noti su karye, mota cike da mutane.

Da la'asar Mama Saratu, tsohuwar nan ta zumuntar mata, ta shigo gidana ko sallama ba ta gama ba. Ta damƙe hannun nan, ta fara addu'a. Ta ce, “Uba, kai ka ƙera hannun nan, kai ka san notinsa. Ka ɗaure shi!” Rahila na kuka, ni ma na durƙusa na ce, “Yesu, ko na aikin nan kaɗai, ka ara mini hannuna.”

Na tashi, hannu na nan yana rawa. Amma da safe na tafi maƙera.

Na shafa baƙin mai a fuskar rim, na danna takardar siminti, hujin suka fito sarai. Na shimfiɗa ta a kan farantin ƙarfen. Bappa Hammadu ya ce, “Ɗana, kawo ni in buga alamar.” Na ce, “A'a, Bappa, riƙe mini ƙarfen kawai.” Na ɗora ƙusa mai tsini da hagu, na ɗaga guduma da dama.

'Yan'uwa, hannun ya tsaya cak!

Na buga. Na sake bugawa. Bappa ya saki ƙarfen ya riƙe baki, ya ce, “Ikon Allah!” Na ce, “Bappa, riƙe, aiki bai ƙare ba.”

Muka huda, muka yi wa kowace taya nata farantin. Da muka ɗaura, na ɗaga motar a jak, na kafa alli a gefen rim, na juya tayar. Layin ya zagaya ya dawo inda ya fara, babu gargada. Haleluya!

Dauda ya zagaya motar, ya ce shi dai ba zai tuƙa ba. Kafin in buɗe baki, Rahila ta ɗaure zani ta haye baya, ta zauna daidai kan tayar. Ta ce mini, “Baban Ladi, karɓi makullin.” Mama Saratu ta ce a ɗaga ta ita ma. Na tuƙa su har Mbamoi, ta cikin ramukan nan da suka cinye tsofaffin rim. Da muka dawo na sa sifana, ko noti ɗaya bai saki ba. Yanzu Dauda ne ke yawo tasha yana cewa tun farko ya san zan iya. Dauda, ina ganinka can baya, daina ɓoye fuska!

Farantan nan aikina ne, ina alfahari da su, kowa ya je ya leƙa. Amma hannun da ya yi su, Yesu ne ya gyara. Na gode masa. Kai da ke zaune kana cewa taka ta ƙare, kawo masa abin da ya lalace, ya iya aikinsa.

Yau da safe kun gan ni a layin jibi. Rahila ta miƙo hannu za ta tallafa mini, na ce ta bari. Na ɗauki ƙoƙon da hannun nan, na sha. Ku dubi rigata, fara fat. Amin!