Gangar Coci a Gidan Bilbil

Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Baba Yakubu daga Garwa, mai koya wa matasan cocinmu Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin yabo.

A al'adarmu, in an yi rasuwa, matasa ke ɗaukar gangar coci su je su yi wa iyalin mamaci waƙa. Makon jiya da aka yi wata rasuwa, Daniyel, makaɗinmu, wanda ni na koya masa kiɗa tun yana ƙarami, ya tafi da ita. Ranar Lahadi babu shi, babu ganga. Na bi sawu har gidan da ake sayar da giyar bilbil. Can na tarar da shi yana kaɗa wa mashaya, rabin matasana suna rawa.

Na ce, "Ɗana, gangar Ubangiji ce fa!"

Ya ce, "Baba, a nan ana tambayata ko na ci abinci. A coci faɗa kawai ake mana."

Na dawo da gangar coci, tana jingine a kusurwa, babu mai taɓa ta.

Iyaye masu sauraro, ku ba ni shawara. Ganga kam na ɗauko ta a kafaɗa. Yaran fa, da me zan ɗauko su?