Na Gai da Yayana a Bidiyo, Bai Amsa Ba

Salamu alaikum mai gabatar da shiri, Baba Garba ne daga unguwar Nima, nan Gana.

Rabona da yayana tun shekarar da aka kori baƙi daga Gana, ya koma Kano. Na dage sai na je, sai babban ɗana ya kawo wani kaset ɗin bidiyo da aka ɗauki Yaya a ciki, wai: "Baba, ga shi nan, wannan ya fi zuwa, babu wahalar hanya."

Yaya ya fito a akwatin talabijin, duk ya tsufa. Na cire takalmi, na tsuguna, na gaishe shi. Ko kallona bai yi ba. Na ce wa ɗana: "Kai, wanda bai amsa sallamarka ba, ka gan shi ke nan?"

Ɗana da kansa ya sayo mini tikitin mota. Alhamdu lillahi, na yi nasara a kan akwatin nan!

Ina gai da abokaina na unguwar Maamobi. Gobe da sassafe zan hau mota zuwa Kano.