Yadda Aka Rubuta Ni Musulmi a Takardar Biza

Salamar Yesu Almasihu Mai Cetonmu ta tabbata a gare ku, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri in muryata tana rawa, ban saba tsayawa gaban jama'a ba.

Sunana Ayuba Garba, daga wani ƙauye kusa da Malumfashi. Waɗanda suka san ni a wannan zumunta sun san halina, ni mutum ne mai yawan damuwa. In na kulle ƙofa, sai na koma na taɓa kwaɗon. Matata Rifkatu takan ce ko ruwan sha sai na yi masa tambayoyi kafin in haɗiye.

Da bizar ziyara na shigo Dubai, irin wadda ba ta daɗewa. Kowace safiya in na buɗe ido, abin da ke fara zuwa mini shi ne kwanakina suna raguwa. Dole in sami bizar zama, in ba haka ba in koma gida hannu rabbana.

Hanya biyu aka nuna mini. Wani dillali a unguwar Deira ya ce zai samo mini wadda suke kira firi biza. Wani kamfani da ban taɓa gani ba zai rubuta cewa ni ma'aikacinsa ne, ni kuma in yi aiki inda na ga dama. Na ce, "To in an tambaye ni inda nake aiki fa?" Ya ce, "Sai ka faɗi sunan da ke takarda." Na ce ai ko ƙofar wurin ban sani ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, aiki ka zo nema ko wa'azi?"

Na bar wannan. Hanya ta biyu ita ce ta Alhaji Sabo, mutumin Kano mai shagon kargo, wato aika kaya ƙasashe, a Deira. Ya ce zai ɗauke ni ɗaurin kaya da awo. Albashin ba yawa, kwana kuma a Sonapur, unguwar leburori, amma bizar ta gaskiya ce. Na yi murna ƙwarai!

Ran nan sai ga mandub, wato mutumin da ke kai takardun shago ofisoshin gwamnati. Ya bar motarsa inda ba a tsayawa, yana ta gaggauta ni da Larabcinsa, "Yalla, yalla, habibi, sa hannu!" Ni da ke karanta har takardar cikin kwalin magani, ranar ban karanta komai ba. Na sa hannu, ya miƙo mini kwafi, ya tafi.

A bas, kan hanyar Sonapur, na buɗe kwafin. Iya firamare na yi, Turancina a hankali yake tafiya, da yatsa nake bin layi. Suna daidai. Ƙasa daidai. Da na zo gurbin addini, sai na ga an rubuta Musulmi.

'Yan'uwa, gumi ya karyo mini alhali iyakwandishan yana aiki!

Ba mugunta mandub ya yi ba. Ya ga sunana, ya ji ina cewa "in Allah ya yarda", ya gan ni a shagon Alhaji. A garin nan mutane da yawa ba su san akwai Bahaushe Kirista ba. Bai ga dalilin tambaya ba. Amma sa hannun da ke ƙasan takardar nawa ne.

Washegari na nuna wa Issaka, abokin aikina, ɗan Zongon Kumasi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai, Malam Ayuba! Ka shigo ba ka gaya mana ba? Ran Juma'a sahun gaba zan kama maka!" Da ya ga fuskata sai ya rage murya. "Ɗan'uwa, bar shi haka. Takarda ta riga ta shiga. In aka janye ta, daga farko za a sake, bizarka ta ziyara kuwa ta kusa ƙarewa. Wa zai duba wannan layin?"

Wani ɗan'uwa mai bi ma ya ce mini Allah zuciya yake dubawa. Na yarda da shi har zuwa bakin titi. Kafin in tsallaka, damuwar ta dawo.

Na kira Rifkatu. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Baban Ladi, in ka gyara, wataƙila ka dawo mana ba komai. In ka bari, ba za ka ƙara jin daɗin abinci ba, na san ka. Ni dai ba zan zaɓa maka ba."

Haka na yi ta yawo da takardar a aljihu, in fito da ita, in mayar. Na ce wa kaina ba ni na rubuta ba. Wata zuciyar ta ce, amma ka gani ka yi shiru. In na buɗe baki zan yi waƙar sujada, sai in kasa. Aiki ma ya fara lalacewa. Kwalin da zai tafi Yamai na rubuta masa Kano.

Wata rana da azahar duk 'yan shago suka tafi masallaci, suka bar ni gadi kamar kullum. Na shiga tsakanin kwalaye na durƙusa. Na ce, "Ubangiji Yesu, ni matsoraci ne, ka fi kowa sani. Ina tsoron komawa gida, ina tsoron Alhaji, ina tsoron mandub. Amma kai ba ka ji kunyata ba a kan gicciye. Kada ka bar ni in ci abinci da musun sunanka."

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoron bai tafi ba. Abin da ya faru shi ne ƙafafuna sun yarda su tashi.

Da Alhaji ya dawo na ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana."

Ya ce, "Wane kwalin ka sake aikawa garin da ba nasa ba?"

Na miƙa masa takardar, na ɗora yatsa a kan layin. Ya sa tabarau ya duba.

"Kai ka ce wa mandub haka?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ka musulunta ne ban sani ba?"

"A'a. Ni Kirista ne, kamar yadda ka san ni."

Ya cire tabaran. "To wa ya ba shi izinin musuluntar da mutum da kwamfuta? Addininmu ba ta teburin mai buga takarda ake shigarsa ba." Sannan ya ce, "Amma ka san abin da zai biyo baya? Sai ka fita daga ƙasar ka jira. Lokacin kaya ne, Ayuba. In abin ya ja, zan sa wani a gurbinka."

Na ce, "Na sani. A gyara."

Mandub ya yi faɗa da Larabci har jijiyar wuyansa ta fito. Amma ya sake bugawa, ya jefo mini sabuwar ya ce in karanta da kyau. Na karanta. Kirista!

Bizar ziyarata ta ƙare, na hau jirgi zuwa tsibirin Kish, inda masu jiran biza ke taruwa. Ɗaki cike da mutane daga ƙasashe iri-iri. Kowace safiya mukan taru a gaban teburin otal ana kiran sunayen waɗanda tasu ta fito. Wasu sun daɗe har sun daina saukowa. Ni da na saba damuwa a kan kwaɗo, ga ni ba aiki a hannu, ba tabbas, amma ina cin abinci ina ƙoshi, ina waƙa a bakin teku. Ku gaya mini, wannan daga ina ya fito in ba daga Ubangiji ba?

Wata safiya mai kiran suna ya ce, "Ayub Karba, Najeriya." Sai da na kusa da ni ya zungure ni na gane ni ne!

Na dawo na tarar Issaka ya yi ta ɗaukar aikin mutum biyu don kada Alhaji ya nemo wani. Aka yi mini gwajin asibiti, aka buga bizar zama a fasfona. Ina roƙo ku sa Alhaji Sabo da Issaka cikin addu'a, Allah ya yi amfani da su.

Godiya ta tabbata ga Yesu! Na san a ɗakin nan akwai masu jiran takarda, akwai wanda aka ce masa ya yi shiru a kan wani abu don ta fito da wuri. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, kada ki jira tsoro ya tafi, kada ka jira. Ni da rawar jiki na faɗi sunansa, kuma ya karɓa a haka. Ku dogara gare shi. Amin.