Na Yafe Kujerar, a Bar wa Ɓeraye Ɗakinsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban wannan asibiti, likitocinmu da nas-nas, malaman bincike na bene na sama, shugabar ƙungiyarmu ta iyayen yara masu sikila, iyaye mata da iyaye maza, masu shara da masu gadi da suka san fuskokinmu fiye da wasu danginmu, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu, kuma ina roƙon a yi haƙuri da ni, domin ni bakin kasuwa gare ni.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata sayar da maganin ɓera da tarko, kuma a layinmu Ajalin Ɓera ake kirana. Na ga wasu sun fara dariya. Ku yi abarku, domin kun san abin da ya tara mu. Ƙungiyarmu ta nemi asibiti ya ba mu ɗakin da ke ƙarshen baranda ya zama wurin zaman masu jinya, a sa kujeru da fanka. Ɗakin kuwa shi ne inda ake kiwon ɓerayen bincike, kuma shugaban asibiti ya gaya mana gaskiya: in aka fitar da su, babu inda za a mayar da su, aikin ya tsaya ke nan. Yau za mu ɗaga hannu a kan haka. Ni kuma, Ajalin Ɓera, na tashi in roƙar wa ɓera arziki.

Magana ta farko ita ce wahalar barandar nan, kuma ba zan raina ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekaru biyu da suka wuce aka yi wa 'yata ta fari, wadda nake kira Uwata, dashen ɓargo. Da likita ya karanta mana haɗarin aikin, mahaifiyarta ta riƙe gefen tebur. Amma mun ga yadda ciwon ke murɗe yarinyar nan tun tana goye, mun ga ƙarin jini bayan ƙarin jini, kuma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Muka amince.

Ga sababbin iyayen da ke cikinmu, bari in faɗi yadda abin yake a yaren kasuwa. Ɓargon cikin ƙashi shi ne gonar jini. Likitoci sukan ba da magani mai ƙarfi ya share tsohuwar gonar kaf, sannan su ɗauko irin jini daga jikin mai lafiya, mu daga babban wanta aka ɗauka, su sa shi ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Ni na zaci ranar dashen ce ranar tashin hankali. Ashe a ɗan lokaci ake gamawa. Tashin hankalin yana cikin makonnin da ke biyo baya, lokacin da tsohon ɓargo ya tafi, sabo bai tsiro ba. A lokacin yaro ba shi da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, ba shi da masu tsayar da zubar jini. Mura kaɗai tana iya ɗauke shi. Sai a rufe shi a ɗaki, uwa ta shiga da takunkumi da safar hannu, uba kuwa sai leƙe ta gilashi.

A barandar nan na zauna, a kan kwali. Kullum da safe nas za ta fito da sakamakon gwaji, mu tashi tsaye kamar an shigo da alƙali, ta ce, “Baba, jinin bai motsa ba tukuna.” Sai in koma kan kwalina.

A kwalin da ke kusa da nawa akwai Yaya mai ɗinki, ga ta nan zaune a sahu na biyu, kuma na nemi izininta kafin in ambace ta. Ɗanta, wanda yara ke kira Gola saboda son tsaron raga, yana ɗakin da ke jikin na Uwata. Tare muka ci, tare muka yi addu'a, tare muke tashi in nas ta fito. Jinin Uwata ya motsa, na Gola ya yi nawa, zazzaɓi ya riga shi. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Yaya ce ta kawo shawarar ɗakin zama, kuma duk wanda ya ce ba ta da hujja bai kwana a siminti ba. Ta ce da ni, “Ƙanena, a ƙasa nake zaune aka zo aka gaya mini. Ba na so a sake gaya wa wata uwa a ƙasa.” Wallahi har yau maganar nan tana sukar zuciyata.

Magana ta biyu ita ce abin da na gani a ɗakin ƙarshen baranda. A kwanakin jiran nan wata malamar bincike takan wuce mu da safe, ta gaishe mu. Wata rana mai ɗakina, da yake ba ta iya riƙe magana, ta gaya mata sana'ata. Malama ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi! Ashe da maƙiyin 'ya'yana nake gaisawa.” Na ce, “Ranki ya daɗe, in suna damunki, ina da mai ƙarfi, ba ya kwana.” Ta yi dariya har da hawaye, ta ce in zo in gan su.

Na bi ta har ƙofa, na fara cire takalmi, sai ta tare ni. Ta ce dokarsu ce, duk wanda ke hulɗa da ɓerayen gari ba ya shiga, kada ya kwaso musu cuta a tufafinsa. Jama'a, ni da ɓera ke jin takuna ya nemi rami, yau ni aka hana shiga don lafiyar ɓera! Ta ce in tsaya ta taga. Na sa goshina a gilashi, yadda na saba sa shi a ɗakin 'yata, sai dariyar ta ɗauke mini.

Na ga ma'aikata da takunkumi da safar hannu, irin na mahaifiyar Uwata. Na ga ƙananan ɓeraye a akwatunan roba, wasu sun takure a lungu, gashinsu a tashe. Na ga an jiƙa musu abinci an ajiye a ƙasa, saboda ba su da ƙarfin miƙewa su ci. Malama ta ce su ma an share musu ɓargo, an ɗumama jelarsu har jijiya ta fito, an sa musu sabon iri. Su ma jira suke yi. Daga lokaci zuwa lokaci a ɗauki ɗigon jini a duba: wane ne ya fara dawowa, wane ne ya makara, me ya sa na tsohon ɓera ke jan ƙafa, me maganin ya ɓata a cikin ƙashin da ya hana iri kamawa da wuri. Na ce, “To, amfanin me?” Ta ce, “Baba, so muke mu gajarta zaman da kake yi a kan kwalin nan.”

Ba ta yi mini alƙawarin komai ba, kuma ni ma ba zan yi muku ba. Ta ce ɓera ba mutum ba ne, abin da ya yi a jikinsa wani lokaci ba ya yi a namu, kuma aikin na shekaru ne. Ta ce ɓerayen nan ba sa komawa gida, a aikin nan ransu ke ƙarewa, ta faɗa muryarta a ƙasa. Na shekara ashirin ina kashe ɓera ban taɓa jin komai ba. Ranar na ji kunya, na ji tausayi, na koma baranda kan kwalina.

Kada wani ya tambaye ni ko na bar sana'a. Ban bari ba. Ɓeran da ke cin buhun mutane, ni da shi har gobe. Amma na ɗakin can, in da suna jin magana, da na durƙusa na gaishe su.

Magana ta uku gajera ce, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawanku ba ku sani ba, Autanmu ma sikila gare shi. An gwada, ɓargon babban wansu ya dace da shi, kuma wata mai kamawa zai shiga ɗakin gilashi. Saboda haka, in an sa kujerun nan, ni ne farkon wanda zai zauna. Bayana ciwo yake yi, gwiwata ba irin ta da ba ce. Ba na yaudarar kaina, na san binciken nan ba lalle ya iske Auta ba. Amma abin da aka sani a yau har aka ceci Uwata, wasu ne suka yi haƙuri aka gano shi kafin a haife ta. Akwai yaron da ba a haifa ba tukuna, wanda 'yan kwanaki kaɗan za su raba shi da abin da ya sami Gola.

Yaya, ba kujera ce ta ci amanarmu ba, tsawon jira ne. Da jinin Gola ya yi sauri, da a tsaye ma kin ji labari mai daɗi. Buƙatarki gaskiya ce, kuma ba za mu yar da ita ba. Mu nemi benci a jera a barandar, mu nemi labule, mu sa doka a tsakaninmu cewa ba za a sake gaya wa uwa labari ita kaɗai ba. Ni zan fara kai ƙafata ofishin shugaban asibiti a kan haka, gobe ma in ya yarda. Amma ɗakin ƙarshen baranda, don girman Allah, a bar shi.

Ni dai na yafe kujerar. Kwalina yana nan bayan ƙofar shago, ban yar da shi ba, wata mai kamawa zan ɗauko shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya sanyaya zuciyar kowace uwa da ke cikin wannan ɗaki. Allah ya yi wa hannun likitocinmu da malaman bincike albarka, ya gajarta wa 'ya'yanmu jira, ya nuna mana safiyar da nas za ta fito ta ce jinin ya motsa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.