Ranar da Baba Ya Shiga Kulob

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Kibiya nake rubutowa, kuma wannan ne karona na farko. Don Allah kada a faɗi sunana, kunya nake ji.

Babana yana da tsohuwar mota da yake kai manoma kasuwar Rano. Ta lalace, kayan gyara kuma sun yi tsada, har ya fara maganar sayar da ita. Rannan ya shigo gida da fara'a ya ce, "Na shiga kulob!"

Inna ta saki muciya ta ce, "Malam, da furfurarka? Gidan rawa?" Ta ɗauki mayafi za ta kai ƙara wurin Kaka.

Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ashe ƙungiyar masu motoci ce, suna sayen kayan gyara tare a yi musu ragi. Alhamdulillahi, motarmu ta tashi, ba a sayar ba.

Yanzu duk ranar taro Inna ce ke cewa, "Malam, tashi kada ka makara kulob."

Masu sauraro, ragin nan yana ɗorewa kuwa, ko na sabon shiga ne? Ina gaida ƙawayena na Rurum.